Shawara: Za Mu Umara da Yara Uku, Maganar Masauki Ta Raba Kanmu da Maigida

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce daga Kano, 'ya'yana uku: babbar shekararta 6, mai bi mata 3, sai na goye ɗan wata 10. Shekara uku muna tara kuɗin Umara ni da maigida, bana Allah ya nufa za mu tafi tare da mahaifiyarsa, wadda ke fama da ciwon gwiwa. Kuɗin jirgi da biza sun cinye mafi yawan abin da muka tara. Ejan ya ba mu zaɓi biyu: otal kusa da Harami wanda ya fi ƙarfinmu, ko ɗakin haɗaka, maza daban mata daban, mutum huɗu-huɗu. Shi maigida cewa ya yi mu sauka gidan baffansa da ke unguwar Shara Mansur a Makka, kwana 14, ba mu biya ko sisi ba. Na sami labarin gidan ɗaki biyu ne, kuma su bakwai ne a ciki. Da na nuna ban so ba, sai ya ce girman kai ne da son jin daɗi, ibada za mu je yi ba hutu ba. Ita kuma Hajiya, mahaifiyar tasa, burinta goman ƙarshe na azumi, ta riƙa yin salloli biyar a Harami. Yau kwana uku ke nan ba ma doguwar magana da shi. Don Allah ki ba ni shawara, ina za mu sami masaukin da ba zai karya mu ba, kuma yara ba za su wahala ba?

Wata baiwar Allah, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa ku zo lafiya, ya karɓa tun kafin ku taso. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga girman kai a cikinta ba. Abin da na gani uwa ce da ta riga ta hango daren da na goye zai tashi da kuka ƙarfe biyu, a ɗakin da mutum goma sha wani abu ke kwance, ta rasa inda za ta fita da shi. Duk wadda ta taɓa raino a gidan da ba nata ba ta san wannan daren. Sai dai ki yi wa maigida adalci shi ma. Shekara uku yana ƙulle kuɗi, ya ɗauko nauyin kai mahaifiyarsa Ɗakin Allah, ga canji kullum yana hawa, lissafin ya ƙi fita. Idan namiji ya ce ibada za mu je yi, sau da yawa abin da ke ransa shi ne aljihuna ya kusa ƙarewa kuma ina jin nauyin in faɗa. Ku biyun tsoro ɗaya kuke ji, kowa ya ba shi suna daban.

Bari in fara da gidan Baffa, tunda nan ne ƙullin yake. Na daɗe a garin nan na Makka, na kuma san mutanenmu na Shara Mansur da Hindawiyya da Jarwal. Ba su iya cewa a'a ga ɗan uwa. Baffa zai ce ku zo da bakinsa, kuma da gaske yake yi. Amma matarsa ce za ta koma dafa tukunyar mutum goma sha uku, 'ya'yansa ne za su bar ɗakinsu su kwanta a falo ko a soro, shi ne zai ga kuɗin wuta ya ninka saboda na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, kuma banɗaki ɗaya ne za ku yi wa layi kafin asuba. Mafi yawan mutanenmu a nan haya suke yi, kuma rusau da aka yi ta yi a tsofaffin unguwannin Makka ya sa gidaje sun yi tsada, mutane sun matsu a ƙananan wurare. Kwana biyu a irin wannan gida zumunci ne mai daɗi. Kwana 14 da yara uku da tsohuwa mai ciwon gwiwa kan bar tabon da ba a faɗa, sai dai a ga gaisuwa ta ragu bayan an koma. Ga kuma hawa: da yawa daga gidajen can a kan tudu suke, matattakala ce mai yawa, babu lif. Ki tambaya a hawa na nawa Baffa yake, wannan amsar kaɗai tana iya kashe maganar ba tare da ke kin ce komai ba, domin babu ɗan da zai so ya ga mahaifiyarsa tana jan gwiwa a matattakala sau biyar a yini.

Akwai kuma batun doka da ya kamata maigida ya sani. Tun watan Yunin 2025 Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta sa sharaɗin cewa ba a fitar da bizar Umara sai an yi rajistar masauki ta tsarinta na intanet mai suna Nusuk Masar, a wurin da ke da lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido. Ke nan ko kun yi niyyar sauka gidan ɗan uwa, akwai wani otal da za a rubuta da sunanku, kuma kuɗinsa na cikin abin da ejan ya caje ku ta wata fuskar. Ku zaunar da ejan ku tambaye shi a fili: wane otal ka rubuta mana, kwana nawa, nawa ne kuɗinsa a cikin jimillar? In ya fara kewaye-kewaye, ku nemi wani.

Ɗakin haɗakar da ya ba ku kuwa, ki ajiye shi gefe. An tsara shi ne don manya masu tafiya su kaɗai. A wannan tsarin maigida zai tafi ɓangaren maza ya kwanta lafiya, ke a bar ki da yara uku da suruka da wasu mata biyu da ba ki taɓa gani ba, waɗanda suka biya kuɗinsu don su huta tsakanin salloli. Za ki wuni kina ba da haƙuri. In dai dole sai kun bi ta hannun ejan, ki ce a yi muku lissafin ɗakin iyali, kuma a rubuta ƙananan biyun a matsayin marasa gado, tunda da ma tare da ke za su kwana. Farashin waɗannan tsare-tsare a kan gado ake yanka shi, kada a caje ku gadon ɗan wata 10.

Amma ko ɗakin iyali mai gado huɗu yana da tasa matsalar, wadda na san kin yi tunaninta ko da ba ki rubuta ba. Ke da mijinki da mahaifiyarsa a ɗaki ɗaya har mako biyu, ina za ki sauya kaya, ina za ki shayar ki miƙe ƙafa, ita kuma Hajiya yaya za ta sake a gaban ɗanta da matarsa? Kunyar da ke tsakaninku ba ta tsayawa a filin jirgin Malam Aminu Kano, tare za ku taho da ita. Saboda haka abin da nake so ku nema shi ne wanda ake kira shagga mafrusha a nan, wato ɓangaren gida da aka zuba wa kayan ɗaki ake bayarwa haya na kwanaki: ɗaki biyu, ɗan falo, kicin da firji, wani lokaci har da injin wanki. Hajiya da babbar jikarta su ɗauki ɗaki ɗaya, ku da ƙananan ku ɗauki ɗaya. Irin waɗannan sun fi yawa a Aziziyya, da Shisha, da Nasim, da wajajen Kudai. An gina dogayen gidajen Aziziyya ne domin alhazai saboda kusancinta da Mina, shi ya sa idan ba lokacin Hajji ba ne ɗakunan kan yi yawa, farashi ya sauko sosai.

Kicin ɗin nan shi ne rabin arahar da kike nema. Mutane kan duba kuɗin ɗaki a kwana su yanke hukunci, su manta cewa ciki ba ya jira. Ki ɗauki takarda ki gwada. A ce ɗaki ɗaya a otal riyal 150 ne, shagga kuma riyal 220. Da ido otal ya fi sauƙi. To ki ɗora abincin manya uku da yara biyu sau uku a rana daga gidan abinci, ki ɗora wankin kayan yara da ake caji ɗaiɗai, ki ɗora shayi da ruwan zafi da 'yan ƙananan abubuwan da ake saya saboda babu inda za a ajiye na jiya. Ki ninka sau 14. Yawancin otal ba sa yarda a kunna risho ko murhun lantarki a ɗaki saboda gobara, iyakarki butar dafa ruwa. A shagga kuwa ki shiga babban kanti irin Bin Dawood ko Panda sau ɗaya ki sayo shinkafa, taliya, ƙwai, madara, kaza da famfas, sauran ƙananan buƙatu ki samu a bagala, wato ƙaramin shago, ta ƙasan gida. Da safe maigida ya sauka ya sayo tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, riyal kaɗan ne, ya ishi kowa. Ki taho da garin kununki, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa da yaji. Yaro ɗan shekara 3 yakan ƙi kabsa, shinkafar Larabawa, kwana uku a jere, amma ba zai ƙi kunun da ya saba ba, haka ma Hajiya za ta fi samun ƙarfin ɗawafi da tuwon da cikinta ya sani. Tunda na ambaci kaya, a faɗa wa Hajiya cikin ladabi kada ta sa goro a jaka, kuma kada ɗayanku ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko wane ne shi.

Yanzu sai nisa, wanda shi ne abin da ake biya a madadin arahar. Daga Aziziyya ba a zuwa Harami a ƙafa, duwatsu ne a tsakani, motoci ta hanyoyin da aka huda cikin dutse suke bi. Masaukai da yawa suna da bas ɗinsu na kyauta, ga kuma bas ɗin gari na Makka mai sauƙin kuɗi. Kada ki tsaya a kan kalmar akwai bas. Ki tambaya: daga ƙofar gidan yake tashi ko sai an taka, duk minti nawa, har cikin dare yake aiki, kuma a wace tasha yake sauke mutane? Wata tashar tana bayan Marwa, wata tana wajen Ajyad, wata kuma sai an yi tafiya mai ɗan tsawo kafin a ga ƙofar masallaci. Idan sallah ta gabato akan rufe hanyoyin da ke kewaye da Harami, bayan an idar kuma kowa lokaci ɗaya yake neman mota, 'yan tasi su ɗaga kuɗi. Mai yara ba ya shiga wannan turmutsutsun. Ku riƙa fita da wuri, ku dawo bayan jama'a ta ragu da kamar minti 40.

Ki kuma yi hattara da tallar da ke cewa mita 600 zuwa Harami. A Makka mita ba ta faɗin gaskiya duka. Mita 600 a Titin Ibrahim Khalil ta ɓangaren Misfala kusan shimfiɗaɗɗiya ce, ana iya tura keken yaro. Mita 600 a wasu lungunan Ajyad hawan tudu ne da zai sa mai lafiya haki, balle mai goyo da mai ciwon gwiwa. Sau da yawa gidan da ke kilomita 4 mai bas a bakin ƙofa ya fi sauƙi ga iyali a kan wanda ke kusa amma a saman dutse.

A nan ne Baffa zai yi muku amfanin da ya fi ba ku tabarma. Ku mayar da shi idonku. Ku zaɓi wuri biyu ko uku a intanet, waɗanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, sannan maigida ya kira shi ya ce Baffa, kai ne ka san gari, ba za mu biya ba sai ka gani ka sa albarka. Ya je ya duba ko lif yana aiki, ko na'urar sanyi tana sanyi, ko akwai kyankyasai a kicin, ko tagogin suna da kariya, ko akwai kantin magani da masallaci kusa, ya ga lasisin wurin, ya yi magana da mai gadin. Mai jin Larabcin gari kan samo ragin da baƙo ba zai samu ba, musamman idan kwanakin sun kai goma. Ta haka kun girmama shi, kun sa shi a gaba a tafiyar, ba wanda zai ce kun guje shi. Kada ku tura kuɗi ga dillalin da kuka sani ta WhatsApp kawai, komai kyan hotunan da ya turo. Kuma duk farashin da aka faɗa muku ku tambaya ko da haraji a ciki, domin akwai harajin kashi 15 cikin 100 da ake ɗorawa, wasu ba sa ambatonsa sai wajen biya.

Maganar lokaci ita ce mafi nauyi, don ta shafi burin Hajiya. Gaskiya ita ce babu lokacin da masauki ya fi tsada a Makka, in aka cire Hajji, kamar goman ƙarshe na Ramadan. Ɗakin da aka saba bayarwa da sauƙi yakan ninka sau da yawa, wasu wuraren ma ba sa sayar da kwanakin sai a dunƙule. Cunkoson kuma ba na yara ba ne, ko babba sai ya yi da gaske. Da a ce ni ce ke, da na roƙi a ɗaga tafiyar zuwa wajen azumi baki ɗaya, a kauce wa hutun ƙarshen Disamba shi ma. Watannin Muharram da Safar su ne mafi araha, sai dai a 'yan shekarun nan suna faɗowa a tsakiyar zafi, lokacin da Makka ke wuce digiri 40, wanda ke nufin yara ba sa fita sai dare. Watannin Jumada sun fi daidaito, yanayi ya yi sauƙi, farashi bai haukace ba. In kuwa zuciyar Hajiya ta kafe a kan azumi, a tuna mata cewa hadisin da ya ce Umara a Ramadan tana daidai da Hajji bai ware goman ƙarshe ba, watan duka ya ambata. Goman farko ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin jama'a nesa ba kusa ba. Wannan maganar ɗanta ne zai kai mata, ko wani malamin da take ganin girmansa. Ke kada ki sa bakinki, kada a wayi gari a ce suruka ce ta hana ta daren Lailatul Ƙadri.

Salloli biyar a Harami daga Aziziyya da yara uku ba zai yiwu kullum ba, gara a faɗa tun yanzu. Abin da zai yiwu shi ne karɓa-karɓa. Maigida ya tafi da Hajiya tun kafin asuba su dawo da hantsi, ke kina gida da yara suna barci. Da yamma ku fita gaba ɗaya kafin magariba ku zauna har isha'i. Wata ranar shi ya zauna da yaran, ke ki tafi ki yi ɗawafinki ke kaɗai da nutsuwa, domin ke ma shekara uku kika yi kina tarawa, ba raino kawai ya kawo ki ba. Wannan ki nema a fili tun a gida, ki sa ya yi miki alkawari. Sauran sallolin a yi su a masallacin unguwa. Aziziyya tana cikin iyakar Haramin Makka, kuma malamai da yawa, cikinsu har da Shaihu Ibn Baz, sun tafi a kan cewa ninkin ladan sallah ya game duk abin da ke cikin iyakar, ko da yake wasu, irin su Shaihu Ibn Usaimin, sun taƙaita shi ga masallacin Ka'aba. Sanin wannan kan kwantar wa tsofaffi hankali ƙwarai. In kuma kuɗi ya yi saura, ku kama otal na kusa na kwana biyun ƙarshe kawai, Hajiya ta yi sallolinta goma a gaban Ka'aba, ta yi bankwana da Ɗakin yadda ranta ke so. Kwana biyu na tsada ana iya ɗauka.

Madina lissafinta daban. Gari ne shimfiɗaɗɗe, farfajiyar masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana da faɗi da lemomin inuwa, yara na iya zama su sha iska. A can ku matsa kusa gwargwadon iko, ko a Markaziyya, wato unguwar da ke kewaye da masallacin, ko a bayanta kaɗan, ku rage kwanakin zuwa huɗu. Alƙibla a Madina kudu take, ɓangarorin mata kuma ta wajen arewa suke, don haka ki duba ta wane gefe masaukin yake kafin ki biya, kada ku riƙa kewaye masallaci da Hajiya. Izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake nema, ki nema da wuri. In za a samu, ku sauka a Madina ku tashi ta Jidda, kun rage tafiya guda ke nan. Tsakanin garuruwan biyu akwai jirgin ƙasa na Haramain, kimanin kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma yana iyakance kaya, kuma ku shida ne. Ku kwatanta da shatar mota babba guda, wadda za ta ɗauke ku daga ƙofa zuwa ƙofa ta tsaya muku a miƙatin Zul Hulaifa. Ki kuma lura da lokacin ba da makulli: wurare da yawa sai la'asar suke ba da ɗaki. Idan jirginku da asuba zai sauka, ku yi magana da su tun kafin ku taso, ko ku biya daren da ya gabata, ya fi ku wuni a zaure da yara masu jin barci.

Ranar Umarar kanta ki dogara da zaninki na goyo, don ba a barin keken yara a filin ɗawafi na ƙasa, kuma sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya kusa kilomita 3. A nemo wa Hajiya keken turawa ba tare da jin kunya ba. Manyan biyun ki ɗaura musu wani abu a hannu mai sunan masauki da lambar wayar Baffa, tunda tasa lambar Saudiyya ce, ba za ta mutu ba.

Saura yadda za ki buɗe maganar da maigida. Kada ki fara da ba na son gidan baffanka, ya riga ya ji wannan, kuma abin da ya shiga kunnensa shi ne kin raina danginsa. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, ki kawo takardar lissafinki, ki ce Abban yara, na ga nauyin ya yi maka yawa, ga abin da na gano ko zai rage mana. Ki nuna masa kuɗin shagga da girki a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma abin da za ku kashe a gidan Baffa, domin ai ba za ku zauna mako biyu ba ku sa hannu a cefane ba, ga kuɗin tasi kullum, ga alherin da ya wajaba ku yi wa matar gidan da yaranta in za ku tafi. Zai ga kyautar ba kyauta ba ce gaba ɗaya. In kina da ɗan abin da kika ajiye na tsaraba, ki ce kin yarda a rage shi a ƙara a masauki, dabino da ruwan Zamzam sun isa. Sannan ki ba shi nasa: ranar Juma'a ta farko ku wuni gidan Baffa tun daga safe, ki shiga kicin tare da matarsa, ki kai mata atamfa da man shanu da kayan miya na gida, yara su san 'yan uwansu. In Hajiya ta so ta kwana ɗaya a can su yi hirar mutanen da, a bar ta ta kwana, ku je ku ɗauko ta washegari.

Ki rubuto mini idan kun tsayar da wata, ki faɗa mini unguwannin da Baffa ya duba, sai in gaya miki wace tashar bas ce ta fi kusa da ƙofar da za ta yi wa gwiwar Hajiya sauƙi. Allah ya daidaita tsakaninku, ya kawo ku lafiya.